Tsaga a Gindin Ƙarfen Hagu

Ni na jajiɓo injin ɗaga motar nan na kawo gidanmu, babu wanda ya aike ni. Yayana bakanike ne. Shekara ashirin da wani abu yana gyaran motoci a garejin da ke ƙofar gidanmu a Zangon Lome, kwance a kan kwali, mota a bisa jak, baƙin mai yana ɗiga masa a fuska. Bayansa ya lalace. Ta kai in ya fito daga ƙarƙashin mota sai ya yi rarrafe kafin ya miƙe, in zai tashi daga sujada sai ya dafa bango. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ni aikin fito da kaya nake yi a tashar jirgin ruwa. Wata rana aka buɗe kwantena ta tsofaffin kayan gareji daga Turai, sai ga shi a ciki: ginshiƙan ƙarfe biyu jajaye, kowanne da hannaye biyu masu shiga ƙarƙashin mota su ɗaga ta har ta wuce kan mutum. Makanikan Lome pon suke ce masa. Ban shawarci kowa ba na saya, aka kawo shi har ƙofar gida.

Yaya ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Musye, wannan fa?" Haka yake kirana, wato yallaɓai da Faransanci, in zai tsokane ni, don ni ne na yi boko a gidan.

Na ce, "Bayanka na saya wa, Yaya."

"Ni na ce maka zan tsaya a ƙarƙashin mota tana rataye kamar nama a rumfar mahauta?"

Sati biyu ina lallashinsa. Na karanta masa littafin injin da Faransanci ina fassarawa, na nuna masa sakatar da ke riƙe mota ko da wuta ta ɗauke. Daga ƙarshe ya ce, "To, tunda kai ka karanta, na yarda da kai." Da ma bai faɗi haka ba, don wannan maganar ce ta dawo ta zauna mini a ƙirji.

Littafin ya ce dole ƙasan wurin ta zama kankare mai kauri. Na kirawo wani birkila daga Baguida ya zo da injin huda. Ɓangaren dama bai yi kauri ba, muka fasa muka zuba sabo. A hagu kuwa bakin injin ya shige har ya ƙare bai tarar da yashi ba. Birkila ya ce, "Wanda ya zuba wannan bai yi rowar siminti ba." Na ji daɗi, na ce a bar shi. Da ake buga ƙusoshin gindin ƙarfen na ji ƙarar wurin daban, kamar ana dukan ganga. Na ji da kunnena, na yi shiru, don ina ɗoki.

Mma, wato mahaifiyarmu, ba ta san inda muka kafa shi ba. Ba ta bi ta gareji, saboda kullum cike yake da maza, tana da ƙofarta ta lungu. Ni kuma ko a raina ban kawo in tambaye ta ba. Wa zai tambayi tsohuwa zancen kankare?

Yaya fa ya samu abin so. Yana tsaye yake aiki, har da waƙa. Makanikai suna zuwa kallo, yana ce musu ƙaninsa ne ya sayo. Ana cikin haka, wata safiya ina ɗaure takalmi a bakin gareji, idona ya faɗa kan wata tsaga siririya kamar zare, ta fito daga gindin ƙarfen hagu. Na samo alli na ja layi a inda ta tsaya. Bayan kwana uku ta wuce allin.

Na nuna wa Yaya. Ya taka wurin da ƙafa ya yi dariya. "Haba Musye! Duk Lome akwai simintin da bai tsage ba? Kai ka ce in hau, yanzu kai ne mai tsoro?"

Eh, ni ne mai tsoro. A ofis in wayata ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko daga gida ne. Abinci ya daina shiga. In na hau zemijan, wato acaɓa, zan dawo gida, tun daga kan kwanar layinmu nake miƙa wuya in ga ko mutane sun taru a ƙofarmu. Abu ɗaya nake ta juyawa: in motar nan ta sauko a kansa, ni na kashe shi, ni na kawo abin, ni na karanta littafin. Amma in ce ya daina hawa ya koma kan kwali, bayan ya yabe ni a gaban mutane? Sai dai kullum in ƙara wani layin alli.

Ranar wata Asabar aka kawo wata ƙatuwar jif ta wani mai shago a kasuwar Hédzranawoé. Yaya ya ɗaga ta, ya shiga ƙarƙashi yana kwance giyar motar. Ni ina gefe, idona a kan tsagar. Maƙwabta suna bikin suna, sun kafa rumfa ta toshe lungu, shi ya sa Mma ta biyo ta gareji da mayafinta, tana sunkuyar da kai. Ta kai tsakiya sai ta ja ta tsaya. Ta dubi ƙarfen hagu, ta dubi bango, ta sake duban ƙarfen.

Ta ce da ni a hankali, "Kai, a kan rijiya kuka kafa shi?"

"Wace rijiya, Mma?"

Ta juya wajen Yaya. Yaya ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wannan" take ce masa, ko ta aike ni in gaya masa saƙo alhali yana zaune a gabanta. Ran nan ta ɗaga murya ta kira sunansa na yanka, cikakke, a gaban maza huɗu. Sau ɗaya.

Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya fito a guje, yana kallonta baki buɗe. Bai ma san da wata rijiya ba, sunan ne ya fito da shi.

Ni na sauke motar. Na danna maɓalli, ina ta salati, ina jin kowane motsi na ƙarfen a cikin haƙorana, har tayoyin suka taɓa ƙasa. Sai na zauna daɓas a cikin baƙin mai.

Washegari birkila ya fasa wurin. Ƙarƙashin kankaren katakai ne, sun ruɓe, kana taɓawa suna marmashewa. Rabin gindin ƙarfen a kan bakin rijiya yake, rabi a kan iska. Na jefa tsakuwa, muka ji ta faɗa ruwa.

Na shiga wajen Mma raina a ɓace, na ce me ya sa ba a cike ta da ƙasa ba? Ta ce marigayi Baba ne ya hana. Ya ce ba a kashe rijiyar da mutane suka sha, sai dai a rufe ta, wata rana famfo zai ƙafe. Shi ne ya shimfiɗa katako ya zuba siminti mai kauri, tun kafin a haife ni.

Na ce, "To me ya sa aka rufe ta?"

Ta tsame hannu daga shinkafar da take tsincewa a faifai. Sannan ta nuna wajen gareji da haɓa, inda Yaya ya sake shimfiɗa kwalinsa.

Ta ce, "Wannan ne. Yana rarrafe na tarar da shi a bakinta, kansa ya riga ya leƙa. Da ƙafa ɗaya na kamo shi. Na ce ba zan ƙara kwana a gidan nan ba sai an rufe ta." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara arba'in na ɗauka na raba su. Sai ka mai da mini shi bakinta, ka ɗora masa mota."