Ɗorawar Iya da Jemagun Kurmi

A bazarar shekarar da na shiga aji uku na firamare, ranar wata Asabar da sassafe, yayana Sale ya shigo gida riƙe da jemage ta fiffike ɗaya, danƙonsa rataye a wuya, yana taƙama kamar wanda ya kaso zaki. Ya jefar da shi a gindin turmi, ƙannenmu suka watse da ihu, ni kuwa na yar da tsintsiya na tsuguna. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa jemage ta baki yake kashi, kuma duk wanda na tambaya sai ya kore ni. Na sa tsinke na juya shi. Fuskarsa irin ta ɗan kwikwiyo, idanu dara-dara, gashi mai laushi. Abin da na je nema na same shi a inda yake ga kowace dabba, na huta da wannan zance. Amma sai na ga abin da ban je nema ba. Hancinsa da ƙirjinsa sun yi buɗu-buɗu da wani gari rawaya, sai ka ce yaron da ya saci garin ɗorawa bai goge baki ba. Alhali a lokacin ɗorawa fure kawai take yi, ko ɗa ɗaya ba ta fitar ba, balle a yi maganar gari. Na ruga wajen Iya, kakata ta wajen uba, na tambaye ta ina jemage ya samo gari. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar da take yi. "Uwar tambaya, tashi ki wanke hannu kafin ki taɓa mini ƙwarya," abin da na samu ke nan.

Ƙauyenmu yana gaba da Burumburum kaɗan, ta wajen da ake gangarawa dajin Falgore. Bayan gonaki akwai rafi, a bakin rafin kuma akwai kurmi, manyan maɗatai da ɓaure da kanya da ɗinya sun haɗe kai, har ko da tsakar rana duhu-duhu ne a ciki, ƙasa da sanyi. Nan muke ɗebo ruwa, nan muke wanki, nan muke tsintar kanya muna faɗa a kanta. In ka ɗaga kai sai ka ga jemagu reto a rassa, wasu sun naɗe jiki da fiffike, wasu suna tsiwa da juna. Ba wanda ya damu da su. Maza suna tsine musu in sun ɓata mangwaro, yara suna harbinsu don gwada hannu, shi ke nan. Da rana ta faɗi sai su tashi gaba ɗaya su rufe sama, mu kuma a kora mu gida, don yarinya ba ta kai magariba a waje.

Iya daddawa take yi, kuma da ita ta riƙe kanta tun rasuwar kakanmu. Ba ta taɓa miƙa wa ɗa hannu don gishiri ko goro ba, kuma tana son a san haka. Ƙarfin sana'arta wata ƙatuwar ɗorawa ce da ke tsakiyar gonar Baba. Gonar ta Baba ce, itacen na Iya ne, ta gaje shi daga mahaifiyarta. A wajenmu ba abin mamaki ba ne ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. In 'ya'yan suka bushe sai a zo da doguwar gora mai ƙugiya a yi ta kaɗo su, mu muna tarawa a buhu muna ɓarewa muna ci, har bakinmu ya koma rawaya. A daka, a tankaɗe gari, a ware kalwa, wato ƙwayar. Sai dafuwa ta yini guda a babbar tukunya, a surfa, mu kai rafi mu wanke, a sake dafawa, a zuba a ƙwarya a rufe da ganye a kai ɗaki ta kwana biyu. Ranar da aka buɗe, ko baƙo ne ya shigo gari hancinsa zai kai shi gidanmu. Har ɓawon ba a zubarwa, shi ake jiƙawa a yi makubar daɓe.

Baba kuwa ya daɗe yana hararar itacen nan. Ba mugunta ba ce. Gonar kakanmu an raba ta tsakaninsa da ƙannensa, kowa ya yi aure, kowa ya tara yara, bakunan ci suna ƙaruwa gona ba ta ƙaruwa. Inuwar ɗorawar ta cinye wuri mai faɗi, masarar da ke ƙarƙashinta kullum siririya ce, rawaya. Sai dai Baba ɗan fari ne, Iya ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ni ce 'yar aike, ko da kuwa yana zaune a tabarmar da ke gabanta. Sai ta dube ni ta ce, "Faɗa wa babanku, itacen nan ya girme shi." Ni ma in juya in maimaita, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Wata rana ya ba ni amsa in kai mata, kuma amsar ta zama alkawari: "Ki ce wa Iya, muddin ɗorawar tana haihuwa, ba mai taɓa ta."

Garin nan na hancin jemage bai bar ni na huta ba. Wata yamma aka aike ni kiran Sale daga gona, na yi ta jan ƙafa da gangan har rana ta faɗi ina gindin ɗorawa. Furanni jajaye suna reto, kowanne dunƙule kamar tuntun hula, ruwan zaƙi yana ɗigowa daga jikinsu, irin wanda muke lasa in fure ya faɗo. Can sai ga jemagu daga wajen kurmi. Jemage ya zo ya rungume fure da fiffike, ya cusa hanci, ya yi ɗan jim, ya saki, furen ya yi ta lilo, shi kuma ya wuce ɗorawar gonar maƙwabta. Wani ya zo daga can ya sauka a nan. Na tsaya baki buɗe har aka kira salla, na sha faɗa a gida, amma ban ji zafinsa ba, gani ya kori ji. Ranar Litinin na tambayi malaminmu, Malam Habu. Ya zana fure a allo, ya ce ƙudan zuma yana kwasar garin wannan fure ya kai wa wancan, da haka itace yake samun 'ya'ya. Na ce to jemage fa? Ya ce bai taɓa karantawa ba, amma in ci gaba da kallo in zo in ba shi labari. Wannan ne karo na farko da babba ya ce mini bai sani ba, kuma na ji daɗi ƙwarai.

A ranin da ya biyo baya ne injin ban ruwa ya shigo ƙauyenmu. Wani ya gwada tumatir da rake a bakin rafi ya samu alheri, sai kowa ya buɗe ido. Aka raba kurmi, aka shiga sara. Baba ma ya samu yanki, kuma ba zan ɓoye ba, a shekarar ne aka yi mana rufin kwano, aka saya mini takalmin makaranta na farko. Mun yi murna. Maɗatai suka zama katako, sauran suka zama gawayi. Jemagu suka yi kwanaki suna kewaya wurin da rana tsaka suna kuka, shirwa tana ɗauka, yara suna harbi, daga nan ba mu ƙara ganinsu ba sai ɗai-ɗai. Wasu suka ce sun koma cikin Falgore. Maza suka ce an huta, bana za a sha mangwaro.

An sha mangwaro kuwa. Amma da bazara ɗorawa ta yi furenta ja wur kamar kullum, furen ya zube, sai sanduna tsirara suka rage suna reto, nan da can kaɗai ake ganin 'ya'ya. Ba ta Iya kaɗai ba, duk na gonakin kusa haka suka yi. Kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce zafi ne, wani ya ce maganin feshin tumatir ne ya kashe zuma, wata ta ce baki ne. Iya ta ce hutu take yi, ai ita ma mace ce. Shekara ta zagayo, hutun bai ƙare ba. A wannan karon Iya ta sayi kalwa a kasuwar Tudun Wada, abin da ba ta taɓa yi ba, ta dawo tana ƙunƙuni wai duk tsakuwa ce. Da na ce a gaban mutane ni ina ganin rashin jemagu ne, aka yi ta dariya, Sale ya ce in je Falgore in ba su haƙuri. Baba bai yi dariya ba, amma ya ce in gaya wa Iya masu gawayi sun yi masa magana, zai jira bazara ɗaya.

Da furen ya sake fitowa, sai na yi shawarar in zama jemage da kaina. Na ɗaure auduga a kan gorar kaɗo ɗorawa, na ce wa Iya ta raka ni da magariba. Na zaci za ta kore ni. Sai ta ɗauki mayafi ta ce, "Mu je, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi." Muka yi ta yi har furen ya ƙare. In goga audugar a furen ɗorawar maƙwabta, mu taho in goga a na tata, wuyana ya ƙage, ruwan zaƙi yana ɗigo mini a ido, ita tana riƙe da ƙasan gorar tana karanta addu'a saboda mutanen ɓoye, tana kuma yi mini tsiya wai jemagen nan ya cika nauyi. Gorar ba ta wuce rassan ƙasa ba. Sama kuwa, inda furen ya fi yawa, sai kallo.

Rassan ƙasan sun yi 'ya'ya fiye da na sama. Ko aikinmu ne, ko zuma ce ta taimaka, har yau ba zan rantse ba. Abin da aka kaɗo duka bai cika buhu ba. Baba ya zo ya duba, ya tsaya, ya dube ni ko akwai saƙo. Na dubi Iya. Ta ci gaba da ɓare ɗorawarta, ba ta ba ni komai in faɗa ba. Kafin ruwan farko masu injin yankan itace suka zo, muna aji muna jin kukansa, da ɗorawar ta faɗi har ƙasar makaranta ta amsa. Na kifa kai a benci na yi kuka, Malam Habu bai hana ni ba. Iya ba ta ƙara ɗora tukunyar daddawa ba, kuma daga ranar Baba ne yake sayo mata goro, tana karɓa ta hannuna. Kalwar ƙarshen nan ba ta dafa ta ba. Ta zaɓi masu kyau ta binne a bayan ɗakinta, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, duk da a garinmu ba a shuka ɗorawa, cewa ake Allah ke shuka ta.

Sai da na girma na yi karatu na tarar ashe masana sun daɗe da sanin jemage yana cikin manyan masu yi wa ɗorawa wannan aiki. Na so a ce Iya tana raye in gaya mata, ko da za ta ce in tashi in wanke hannu. Yanzu in na je gida, bakin rafi fili ne fetal, rafin ma kafin tsakiyar rani ya ƙafe, sai an haƙa yashi. Gidaje sun ci gonar Baba har rabi, matan gidanmu kuma da ɗan dunƙulen kanti suke miya. Ɗaya daga cikin kalwar Iya ta tsira, ta zama itace har ta fi ɗakin tsawo, kuma Baba da tsufansa ba ya bari ko reshe a karya. Takan yi 'ya'ya kaɗan, na abin da zuma ta samu da safe. Bazarar da ta wuce na zauna a gindinta har rana ta faɗi, ina duban wajen da kurmi yake a da. Furen ya buɗe, ruwan zaƙi ya yi ta ɗiga a ƙasa, tururuwa suna sha. Ita dai ɗorawar ba ta fasa yi wa baƙinta girki ba, ba ta san mun rushe musu gida ba.