Ranar da na rufe wa salular Baba baki

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a Yamai, na saya wa mahaifina salula mai shafawa. Masunci ne a Gaya, ba ya karanta Faransanci, don haka ƙanwata ke buɗe masa shafukan intanet ya kalli ƴan kokawa. Kowane shafi kuwa sai ya tambaya ko an yarda ya riƙa turo sanarwa. Ƙanwata ta ce masa izinin shigowa suke nema.

Ya ce, "To, mutum ya yi sallama in kore shi? Bar su su shigo."

Da na zo hutun Sallah, na tarar wayar ba ta hutawa. Tallan takalma, sakamakon ƙwallo, har da masu cewa ya ci mota. Duk ta yi ƙara sai ya ajiye komar da yake ɗinki, ya goge hannu a riga, ya duba, ya mayar aljihu. Ni kuma ɗan birni sarkin sani, na karɓe ta na toshe su kaf. Na ce, "Baba, yanzu ba za ta yi kuka ba sai in mutum ne ya neme ka." Ya sa mini albarka, na koma Yamai ina jin na yi abin kirki.

Sai bayan rasuwarsa, muna zaune da mahaifiyata tana gyaran busasshen kifi, ta ce, "Ka san tun da ka gyara wayar nan ya bar zuwa da ita gulbi? Da, in ta yi kuka cewa yake ƙila kai ne. Ko ba kai ba ne, ya ji daɗi kafin ya duba. Da ka gyara, sai ta yi mako shiru, ya ce yanzu kam ya tabbata ba ka kira ba."

Na jawo kifin na taya ta gyarawa.

Har yau in ana gardamar sanarwar shafukan nan, ina cikin masu cewa takura ce, kuma toshe su nake. Amma su sun riƙa tuna shi kullum, ni ɗansa ina ta cewa sai na samu sarari. Ina kewarsa ƙwarai. Bayan la'asar, lokacin da yakan dawo daga gulbi, hannuna yakan kai ga wayata da kansa, yanzu da babu mai ɗauka.