Rumbu Ɗaya, Taga Biyu

Dunoma mutumin Gashuwa ne, ɗan mai gyaran rediyo, ga basira ga taurin kai. Da kansa ya koyi rubuta manhajar kwamfuta. Da wata ƙungiyar dillalan shanu a Nguru ta nemi manhajar ajiye sunaye da hotunan masu sayarwa, da na waɗanda ake nema da laifin sata, shi aka ba aikin.

A irin aikinsa fasalin taga, wato shafin da ke buɗewa a allon kwamfuta, kake rubutawa: suna a nan, hoto a can, sai ka ɗaure kowane gurbi da inda zai ɗebo bayani. Don son sauƙi, Dunoma ya yi wa manhajar duka rumbu guda tak, wanda masu sana'ar ke kira singiltin, ya ajiye bayanin mutumin da aka zaɓa a ciki. Kowace taga daga nan take sha, kamar randa ɗaya a gida. Matarsa Zahra, wadda ta karanci fannin, ta ce, "Malam, in aka buɗe taga biyu fa?" Ya yi tsaki ya ce wa zai buɗe biyu.

Ranar kasuwa magatakardan ƙungiyar ya bar tagar ɓarayi a babban allon bakin rumfa, ya buɗe ta rajista ya shigar da Abbo, dattijon makiyayi daga Machina da ya kawo bijimai uku. Abin da ke rumbun ya canza. Fuskar Abbo ta bayyana a allo, ƙarƙashin "Ana nema".

Ba wanda ya tsaya tambaya. Sandar farko ta fasa masa goshi, ta biyu ta karya masa hannu. Aka kayar da shi cikin kashin shanu ana tattakawa, wasu na ihun a kawo fetur. Ina wurin, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake, don cikin masu dukan har da waɗanda suka sha shayi da shi da safe.

Dunoma yana rumfar. Ya kutsa da gudu ya kife a kan tsohon, yana kururuwa cewa laifin manhajarsa ne. Sanduna suka koma kansa, suka zubar masa da haƙora uku kafin dillalai su kori mutane.

Gyaran manhajar layi huɗu ne kacal. Washegari Dunoma ya yi shi a gadon asibiti, cikin minti goma. Abbo, a gadon da ke kusa, ya juyo da ƙyar ya ce, "Ɗana, shanun wa aka ce na sata?"

Tsohon bai kai la'asar ba ya cika.