Mai Lallashin Masu Gadin Ƙwaƙwalwa

Tela na zaune da mahaifiyarsa a barandar asibiti, yana hangen wata mata ta gilashin ɗakin bincike. Siririya ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Da kafaɗa take sosa hanci, don hannuwanta na cikin safar roba. Sai ta ɗauke numfashi kafin ta ɗiga ruwa a 'yar kwalba.

"Ƙwayoyin da ke gadin ƙwaƙwalwa take nazari," in ji nas. "In suka harzuƙa sai kumburi. Ɗan mitsitsin saƙon da ke lallashinsu take nema."

Wataƙila ita ma akwai wanda ya mance ta a gida, Tela ya raya a ransa.

Mahaifiyarsa ta taɓa shi. "Bawan Allah, ɗana bai zo ba?"

"Yana hanya, Inna."