Kwarin da aka ce wa Mista Obinna yashi ne kawai

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin get ɗin makaranta. Mista Obinna ya rasu. Ruwa ya tafi da shi jiya da la'asar a Tumfure, sai da gari ya waye manoma suka gan shi can ƙasa, maƙale a saiwar wata bishiya.

Kuka ma ya ƙi zuwa. Haushi ne ya cika min ciki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin lissafi ne a makarantar da nake koyarwa a Herwagana. Daga jihar Abiya ya zo a watan Janairu, bai san kowa ba a Gombe. Kafin ya taso ya shiga guruf ɗin nan namu na 'yan gari a intanet, ya tambaya ina zai samu gida mai sauƙi, wuri shiru, inda zai kawo iyalinsa.

Nan fa masana suka fito. Kowa Tumfure, Tumfure. Wani har hoton gida ya saka masa. Bawan Allah ya duba taswira ya ga kamar rafi tsakanin gidan da titi, ya sake tambaya. Aka ce masa ai ba rafi ba ne, yashi ne kawai, ko da damina ruwan ba ya wuce idon sawu.

Na duba shafin wanda ya rubuta haka ɗazu. A Abuja yake zaune. Ina shakka in ya taɓa taka Tumfure da damina.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san halin kwari. Rana tana kanka, ko ɗigo bai sauka ba, amma an tafka ruwa can sama wajen tuddai. Kafin ka kai tsakiya ya iso, ja wur, da itatuwa da bola da komai. Mu tun muna yara ake zane mu a kan wannan. Baƙo fa, ta ina zai sani?

Mutum ne mai sauƙin kai. Lokacin da mamata take kwance a asibiti, shi ya riƙe min ajina kwana uku, ya kuma yi min makin jarrabawa ba tare da na roƙe shi ba. Da na yi godiya sai ya ce, "Anti Rifkatu, ki bari kawai. Mama ta tashi, shi ke nan."

Yana da ɗan littafi a aljihu da yake rubuta Hausa. "Sannu da aiki" ya fara koya, kuma kowa sai ya sha ta, har wanda yake gyangyaɗi a ofishin malamai.

Jiya bayan an tashi muka tsaya jiran keken haya tare. Ya nuna min hoton ɗakin da ya yi wa fenti da hannunsa saboda 'yarsa, domin ita da mamarta Chioma za su iso in an yi hutu. Na ɗaga kai na ga yamma ta yi baƙi.

Na ce, "Mista Obinna, hadari fa."

Ya ce, "Ba damuwa, Anti. An ce min ruwan wajenmu ƙarami ne."

Na yi dariya na hau kekena.

Mai keken da ya kai shi ya ce a bakin kwarin ya tsaya, ya ce masa, "Oga, ka jira tukuna, ruwa yana hanya." Shi kuwa ya ga ruwan ko ƙafa bai rufe ba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ɗora littattafan ɗalibai a ka ya shiga. Ya yarda da abin da ya karanta a waya fiye da mutumin da yake gabansa, saboda da wannan maganar ya kama gidan tun farko.

Yanzu guruf ya cika da hoton kyandir da "rai ya yi halinsa". Har mutumin Abuja ya rubuta nasa. Malam, ka riƙe ta'aziyyarka. Wa ya tilasta maka ba da amsa? In ba ka sani ba ka wuce mana. Mutum zai kwaso matarsa da 'yarsa ya kawo garin da bai sani ba, kai kana kwance kana danna waya don a ce ka san gari. Ko ɗaya daga cikinku bai je neman gawar ba. Manoman da ba wanda ya tambaye su komai, su suka bi kwarin da sanduna.

Amma ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina cikin guruf ɗin. Na ga tambayarsa a Janairu, lokacin ban san shi ba. Na rubuta cewa wurin kwari ne, sai na goge, don na taɓa faɗin haka aka yi min ca wai ina ɓata wa masu gidaje kasuwa. Na ji tsoron zagin mutanen da ko fuskarsu ban sani ba. Daga baya ga shi tebur ɗinsa kusa da nawa wata shida, ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Wannan ya fi komai ci min rai.

Chioma tana hanya, gobe zan je tasha in ɗauko ta. Ta ce min a waya tana so ta ga gidan. Ke nan ni zan riƙe hannunta mu taka yashin nan, wanda na tabbata zuwa gobe ya bushe.

Ubangiji ya karɓi ran Obinna, ya ba shi hutawa. Ya riƙe Chioma, ya raya 'yarsu.

Don Allah duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya sa su a addu'a. Ni ma ku sa ni, domin ban san abin da zan ce mata ba in ta tambaye ni ko na san halin wurin.