Gadar Jatau Ba-Ruwan-Gwamnati

Jatau mai gyaran keke ne a Sabon Gari, gidansa kuma na bayan Samaru, a hayin wani rafi da ke cika da damina. Zamansa ɗan majalisa a Kaduna bai ba kowa mamaki ba. Duk malami da akawun jirgin ƙasa mai ƙuri'a ya taɓa kai masa faci, ga shi kuma da murya.

Shekara uku ya yi a can. Aka kawo maganar asibiti ya ce a'a, aka kawo ta rijiya ya ce a'a. Har fankar da za a sa musu a zauren majalisa ya ƙi, wai kowa ya zo da maficinsa. Ra'ayinsa guda ne: gwamnati ta kama ɓarawo, saura ta bar wa mutane. Aka laƙaba masa Ba-Ruwan-Gwamnati, shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Da ya dawo aka zaɓe shi shugaban majalisar yankinsu. A damanar 1957 matan hayi suka zo ofishinsa, matarsa Keziya a gaba. Gada suke so. Sai sun tattare zane har cinya, da kwanon dawa a ka, kafin su kai injin niƙa a Samaru.

"Baban Luka," in ji Keziya, "shekaranjiya ruwa ya tafi da niƙan maƙwabciyarmu Tabitha, saura kaɗan ya haɗa da ita."

"Nan ofis ne, ba Baban Luka a nan, sai shugaba. Kakanninmu injiniya ne ya yi musu hanya? Gayya zan kira."

Mata ba sa zaɓe a lokacin, don haka ko kujera bai ba su ba.

Zaɓe saura wata guda, abokin takararsa Julius tela yana ta yawo yana cewa Jatau ko kwalbati bai ajiye ba. Abin ya ci masa rai. Ya hau tebur a kasuwa ya ce ran Asabar gada za ta tsaya ba da hannun gwamnati ba, in ba ta tsaya ba kada wanda ya jefa masa ƙuri'a.

Jatau bai taɓa riƙe fartanya a gayyar kowa ba, a jawabi kawai ya san ta. Bai san tukunya ce ke ɗauke da gayya ba: kunu da hantsi, tuwo da azahar, in babu su babu aiki. Ya dai sa aka sauke buhun dawa a ƙofar gidansa, ya ɗauka ya gama nasa.

Ran Asabar maza wajen sittin suka zo daga Bomo da Palladan, da gatari da azara, har da mai ganga. Aka kafa gimshiƙi biyu. Hantsi ya yi, ba kunu. Suka fara leƙen hayi, ko hayaƙi babu. Jatau ya naɗe babbar riga ya tsallaka, ya tarar da mata a gindin tsamiya ana kitso, buhu na nan yadda aka ajiye shi.

"Maman Luka, ina tuwon?"

"Ranka ya daɗe, ba Maman Luka a nan. Majalisa muka zauna, muka ga kowa ya zo da tuwonsa. Kamar mafici."

Tabitha ta tuntsire da dariya har kitso ya kwance.

"Keziya, ki rufa min asiri," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ga dawa nan. Ɗauki ka kai inji, mu tuƙa. Ruwan ma yau iya ƙugu ne."

Ya dubi buhu, ya dubi maza sittin da suka zuba masa ido daga wancan hayin. Shugaba guda da niƙa a ka? Ya juya hannu wofi. Mai ganga ne ya fara saɓa kayansa. Kafin azahar gimshiƙan nan biyu kaɗai suka rage a bakin rafi.

Ranar zaɓe mutane suka yi masa biyayyar da ba su taɓa yi masa ba: ya ce kada a jefa, ba a jefa ba.

Julius ya sa majalisa ta yi gadar da rani. Jatau ya koma facinsa, ya kuma rantse ba zai taka ta ba. Ya cika alkawari gwargwado. In da mutane, sai ya ɗora keke a ka ya ratsa ruwa. In ya waiga ba kowa, ta kan gada yake bi.