Katangar Bayan Ɗakin Inna

Yau katangarmu ta yi gumi da rana tsaka! Ita ce ta tare tudun ƙasar da ke bayan ɗakin Inna, a gindin Dala. Kwana uku rabonmu da ruwa, amma ga ta tana tsattsafo, har ta yi ciki.

Na kira Malam Sani magini. Ya danna tubali, yatsansa ya nutse.

Ya ce, "Da rani ƙasar nan tana riƙe kanta. Yanzu ta sha ruwa ta saki, duk nauyinta na kan katanga. Ku fitar da tsohuwa."

Inna ta ce, "A nan na haife ku, ba inda za ni."

Na goya ta tana dukana. Muna kaiwa zaure muka ji rugugi, katangar ta faɗa kan ɗakinta. Har yanzu ba a tono gadonta ba.